Me Ya Sa Jiragen Yaƙi Masu Nitso Suke Jan Ƙafa Wajen Komawa Batirin Litiyom?

Wani mai sana'ar haɗa sola ya aiko da tambaya. Ya ce a shagonsa yanzu duk mai hali litiyom yake saya, batirin ruwa ya zama na wanda aljihunsa bai kai ba. Sai ga shi ya ji an ce jiragen yaƙi masu nitso a teku, waɗanda ake kashe wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, har gobe yawancinsu batirin dalma da asid, wato irin batirin ruwan nan, suke ɗauka. Yana son sanin ko gaskiya ne, da dalili, da kuma irin batirin da sauran kayan yaƙin ƙarƙashin ruwa suke aiki da shi.

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba rowa ce ta kawo shi ba. Mafi yawan jiragen da ke nitso a tekunan duniya a yau dalma da asid ne a cikinsu. Har masu injin nukiliya suna ajiye irin wannan batir saboda ranar da injin zai tsaya, a samu wutar da za a riƙe jirgi a sake tayar da shi. Amma dalilin ba zai fito ba sai mun fara da abin da ya sa batir ya zama ran jirgin tun asali.

Matsalar ta iska ce. Kilo ɗaya na man dizal yana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat-awa 12, inji mai kyau kuma zai juya maka kamar 4 daga ciki su zama aiki. Kilo ɗaya na batirin dalma bai wuce wat-awa 30 zuwa 40 ba. Dizal ya ninka shi kusan sau ɗari ke nan. Sai dai kilon dizal ɗin nan ba ya ƙonewa sai ya sha oksijin fiye da kilo 3, kuma a ƙarƙashin teku ba ka da inda za ka shaƙo shi. In aka kunna inji a rufaffen jirgi, nan da nan zai zuƙe iskar da mutane ke numfashi. Shi ya sa tun jiragen 1888, Gymnote na Faransa da wanda Isaac Peral ya ƙera a Sifaniya, batir aka dogara da shi. Tsarin da ya zauna daga baya shi ne na jirgin da John Holland ya sayar wa sojan ruwan Amurka a 1900: a saman ruwa inji yana tuƙi yana caji, in an nitse batir ya karɓi aiki.

Abu na biyu shi ne ruwan kansa, wanda ya fi iska nauyi kusan sau 800. Ƙarfin da ake buƙata don tura jirgi a cikinsa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, wutar da farfela za ta ci sai ta ninka kusan sau takwas. In ka ninka sau huɗu, sau 64 ake magana. Ga kuma halin dalma da kai ma ka sani a wurin aikinka: batirin da aka rubuta masa 200Ah, in ka ɗora masa 'yan ƙwayayen fitila zai ba ka abin da aka rubuta, in ka jona masa dutsen guga da injin ruwa sai ya durƙusa tun bai ba da rabi ba. Waɗannan abubuwa biyu suna haɗuwa a kan kyaftin ɗin jirgi. Jirgin dizal na zamani zai iya kwana biyu ko uku a ƙasa in yana rarrafe, amma in ya saki gudu gaba ɗaya, abin da bai fi awa ɗaya ko biyu ba batir ya ƙare. Jiragen Jamus samfurin Type VII na Yaƙin Duniya na Biyu, masu ƙwayar batir 124, kusan kilomita 150 kawai suke iya yi a nitse, a gudun kilomita 7 a awa. Da abokan gaba suka matsa musu da jiragen sama, maganin da Jamusawa suka nemo shi ne ƙara batir: Type XXI ya ɗauki ƙwaya 372, ya kai gudun kusan kilomita 32 a awa a ƙarƙashin ruwa, yana iya tafiyar fiye da kilomita 600 a hankali. Yaƙi ya ƙare bai yi wani abin a zo a gani ba, amma Amurka da Tarayyar Sobiyet duk daga jikinsa suka kwafi darasi.

In batir ya yi ƙasa, dole jirgi ya hau kusa da saman ruwa ya fito da bututun shaƙar iska ya kunna janareta. Wannan lokacin ne kowane kyaftin ya fi tsana. Injin dizal yana ƙara, kuma ƙara tana tafiya nesa a ruwa. Kan bututun yana fitowa a rada, hayaƙi yana da zafin da na'ura ke gani daga sama, na'urorin sauraren jirgin kansu sun kurmance da hayaniyar injinsa. Masu wannan fanni suna da ma'auni guda da suke auna jirgi da shi, wato kashi nawa cikin ɗari na lokacin sintiri yake ɓatawa yana shaƙar iska. Kusan duk kuɗin da ake zubawa a binciken batirin waɗannan jirage, don a rage wannan adadin ne.

Yana da kyau ka san yadda ɗakin batirin yake, don girman abin ya wuce yadda mutane ke zato. Ƙwaya ɗaya, mai ba da bolt 2 kacal, tsayinta ya haura mita, nauyinta ya kai rabin tan. Ana jera su ɗaruruwa a can ƙasan jirgi, ƙarƙashin inda ake kwana da cin abinci, an matse su da katanga don kada su motsa in bam ya tashi a kusa. Tsakanin kan batura da rufin ɗakin ba wurin tsayuwa. Mai kula da su kwanciya yake rub da ciki a kan wani ɗan allo mai taya, yana jan kansa daga layi zuwa layi, yana buɗe murfi, yana zuƙo asid a ma'auni ya duba kaurinsa, yana ƙara tataccen ruwa inda ya ragu, yana rubuta zafin kowace ƙwaya. Kafin ya shiga sai ya cire zobe da agogo da duk wani ƙarfe a jikinsa, kayan aikinsa kuma an naɗe su da roba, domin sifana ɗaya in ta faɗa tsakanin sanduna biyu narkewa za ta yi nan take. Akwai siraran bututu da ke hura iska cikin asid don ya gauraya kada mai kauri ya kwanta a ƙasa, akwai ruwan sanyi da ke zagaya kan batura. Bayan wasu shekaru, galibi biyar zuwa takwas, sai a fitar da su duka a zuba sababbi.

Kuma kada ka ɗauka dalma lafiyayye ne. A ƙarshen caji yana fitar da haidirojin, wadda in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. In ruwan gishiri ya shiga, wuta ta haɗu, ga iskar kulorin mai kisa. A Agustan 1949 jirgin Amurka USS Cochino ya nitse a arewacin Norway bayan gobarar batir, mutum bakwai suka rasu, shida daga cikinsu ma'aikatan jirgin da ya zo ceto ne. A Afrilun 1988 ruwa ya ɗiga kan wayoyin batirin USS Bonefish, gobara ta kashe mutum uku, ba a sake amfani da jirgin ba. Wanda ya fi tayar da hankali a kusa shi ne ARA San Juan na Ajantina. Ranar 15 ga Nuwamban 2017, yana kan hanya daga Ushuaia zuwa Mar del Plata da mutum 44, ya sanar cewa ruwan teku ya bi ta hanyar iska ya shiga ɗakin batir na uku, wuta ta haɗu, gobara ta fara, an kashe baturan gaba ana tafiya da na baya. Sa'o'i kaɗan bayan haka na'urorin hukumar da ke sa ido kan gwajin nukiliya suka ji wata ƙara a yankin. Sai bayan shekara guda aka gano ɓaraguzansa a zurfin kusan mita 900.

To in dalma yana kisa haka, me ake jira? Abin da litiyom zai bayar ba a ɓoye yake ba. Ƙwayarsa tana riƙe wat-awa 150 zuwa 250 a kilo. Ba ya durƙusawa in an ɗora masa nauyi, saboda haka ribarsa ta fi fitowa a lokacin gudu, wato lokacin da ake tserewa ko ake bin abokin gaba. Ba ya buƙatar ruwa, ba ya fitar da haidirojin a caji na yau da kullum. Babbar ribar kuma a wurin caji take. Dalma yana karɓar wuta da sauri ne zuwa wajen kashi 80, daga nan sai a bi shi a hankali na sa'o'i, kuma ba kyaftin ɗin da zai zauna yana ƙara a saman ruwa don cike ragowar. Haka jirgi yake yawo da batir da bai cika ba, yana lalacewa. Litiyom kuwa yana sha da ƙarfi har kusan bakinsa.

Cikas ɗin yana wurin yadda kowannensu yake lalacewa. Haɗarin dalma sananne ne, yana zuwa a hankali, yana da ma'auni: na'ura tana nuna haidirojin tana hawa, a ƙara fanka, a rage caji. An yi fiye da shekara ɗari ana rubuta dokokinsa, da yawa bayan an yi asarar rayuka. Litiyom kuwa ƙwaya ɗaya mai ɗan aibi tun daga masana'anta za ta iya yin shekaru lafiya, rana ɗaya ta haɗu daga ciki, ta yi zafi, zafin ya ƙara rura ta, ta fashe ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba. Ire-iren da suka fi riƙe wuta, masu nikel da kobalt, in sun yi zafi suna sakin oksijin daga jikinsu. Ka ga tsohuwar dabarar jirgin ruwa ta rufe ƙofa a toshe wa wuta iska ba ta isa ba ke nan. Hayaƙinsa guba ne, kuma yana ƙara matsin iska a cikin jirgin da ba taga. A gida in abu ya kama, ka kashe wuta ka kwashe iyali ku fita waje. Mutum sittin a zurfin mita 200, da makamai a ɗakin gaba, ba su da wajen fita.

Amurka ta ɗanɗana tun da wuri. Tana da wani ƙaramin jirgin nitso na kai zaratan sojoji, ana kiransa ASDS, wanda aka cire masa batirin azurfa aka sa litiyom. A Nuwamban 2008, ana cajinsa a kan tudu a sansanin sojan ruwa na Pearl Harbor, ya kama wuta ya yi sa'o'i yana ci. Ba wanda ya mutu, amma da aka ƙiyasta gyara ya haura dala miliyan 200, sai aka yi watsi da shi. Wannan gobarar ta daɗe tana yi wa litiyom shamaki a sojan ruwan Amurka. A ganina tsoron yana kan hanya, domin a bakin teku aka yi sa'a ta tashi.

Akwai kuma ƙananan matsaloli da ba a cika ambata ba. Nauyin dalma a ƙasan jirgi ba asara ba ne, shi ke riƙe jirgi kada ya kife. In ka cire shi ka sa abu marar nauyi, sai an sake lissafin jirgin gaba ɗaya, shi ya sa ba a cika sauya wa tsohon jirgi batir kai tsaye ba. In wuta ta haɗu, abin da litiyom ke zubowa a daƙiƙar farko ya fi na dalma yawa sosai, dole a sake na'urorin yanke wuta. Ga dubban ƙwayoyi, kowace da ma'aunin bolt da na zafi, da kwamfutar da ke lura da su, kuma duk sai sun jure girgizar bam. In aka haɗa tazarar da ake bari tsakanin ƙwayoyi, da bangon hana wuta tsallakawa, da akwatunan ƙarfe, ribar ninki huɗu ko biyar da ke kan takarda takan dawo kusan ninki biyu a cikin jirgi. Ninki biyu ba abin rainawa ba ne, amma ka riƙe wannan in kana karanta tallan kamfanoni.

Japan ce ta fara tsallakawa. Jirginta Oryu, wanda kamfanin Mitsubishi ya ƙera a Kobe, ya shiga ruwa a Oktoban 2018 ya fara aiki a Maris ɗin 2020 da batirin GS Yuasa. Wannan kamfanin ne ya yi baturan jirgin sama Boeing 787 da suka yi ta zafi har aka dakatar da jiragen a 2013, don haka ba za a ce bai san halin abin da yake sayarwa ba. Sababbin jiragen Japan samfurin Taigei, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 2022, duk litiyom ne. Koriya ta Kudu tana bin sahu a rukuni na biyu na jiragenta KSS-III. Italiya kuma ta zaɓi litiyom mai ƙarfe da fosfet, irin wanda ya cika kasuwar sola, don sababbin jiragenta. Ba ya riƙe wuta kamar mai kobalt, amma yana da wuyar kamawa kuma ba ya sakin oksijin cikin sauƙi. In da ni za a tambaya abin da za a sa a ƙarƙashin gadon mutane, wannan zan nuna.

Abin lura a jirgin Japan shi ne abin da aka cire. Jiragen da suka gabace shi suna da injin Stirling, wanda ke ƙona dizal da oksijin ɗin da aka sanyaya har ya zama ruwa aka ɗauko a tanki, fasahar da Suwidin ta yi fice da ita a jiragenta na Gotland. Jamus tata hanyar daban ce: jiragenta Type 212A suna haɗa haidirojin da oksijin a wata na'ura da ke ba da wuta kai tsaye ba tare da ƙonawa ba, har ɗaya daga cikinsu, U-32, ya yi mako biyu a nitse daga Jamus zuwa Sifaniya a 2006. Waɗannan injuna suna ba da daɗewa, amma wutarsu kaɗan ce, ta rarrafe kawai, kuma in oksijin ya ƙare sai an koma tasha. Japan ta cire nata ta cika wurin da batir, saboda tekun da take tsaro mai faɗi ne kuma tana son gudu. Koriya ta ce za ta haɗa biyun.

Wannan duk maganar jirgi mai ɗauke da mutane ce. Makamin topido, wato bam mai tuƙa kansa a cikin ruwa, buƙatarsa ta sha bamban. Shi zai yi shekaru a ajiye ba ya komai, rana ɗaya a ce ya fitar da ɗaruruwan kilowat na 'yan mintuna, daga nan ya tarwatse. Jamusawa sun yi na dalma, G7e, wanda ke tafiyar kilomita 5 a gudun kusan 55 a awa ba tare da barin layin kumfa a bayansa ba, sai dai dole a ɗumama batirinsa zuwa digiri 30 kafin harbi, in ba haka ba ya gaza a hanya. Daga baya aka koma azurfa, don babu ruwan soja da tsada in abu zai yi aiki. Azurfa da tutiya suna ba da wuta mai ƙarfi ƙwarai, har jirgin gwaji na Amurka USS Albacore ya kai kusan kilomita 60 a awa a nitse da irin wannan batir a 1966, amma ba ya jure caji da yawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne batirin alminiyom da azurfa da ke cikin topido irin MU90 da Black Shark da F21 na Turai. A ajiye busasshe yake ƙayau, babu ruwa a cikinsa ko ɗigo, saboda haka ba ya zubar da caji kuma ba abin da zai kama wuta. A gefe akwai garin soda, irin wadda ake sabulu da ita. Da an harba makamin, wata ƙofa ta buɗe, ruwan teku ya kwararo ya narkar da sodar, famfo ya tura ruwan tsakanin farantan alminiyom da na azurfa, cikin 'yan daƙiƙu farfela ta ɗauka. Yana tafe yana zafi, sai na'ura ta riƙa zagaya da wani kaso na ruwan ta jikin makamin don teku ta sanyaya shi, wata kuma tana tace haidirojin tana fitarwa. Da wannan batir ne makami mai nauyin tan ɗaya da rabi yake gudun kilomita 90 a awa. Amurka da Ingila sun tsaya a kan manyan topido masu ƙona mai, Mk 48 da Spearfish, amma na lantarki yana da riba biyu: ya fi shiru, kuma zurfi bai dame shi ba, alhali mai ƙona mai sai ya yi kokawa da matsin ruwa kafin ya fitar da hayaƙinsa. Na atisaye kuwa, da ake harbawa a tsamo a sake harbawa, batir mai caji ake sa masa, kuma nan litiyom ya riga ya samu shiga.

Dabarar kunna batir da ruwan teku tana nan a na'urorin saurare da jiragen sama ke jefawa don farautar jiragen nitso. Bututu ne mai tsawon kusan santimita 90, ya faɗa ruwa, batir ya farka, ya yi aikin awa ɗaya zuwa takwas yana aika abin da ya ji, sannan ya nitsar da kansa. Ana jefa su da yawa, don haka arha da daɗewa a sito su ne abin nema.

Inda litiyom ya ci kasuwa ba gardama shi ne jirage marasa matuƙi, don in ya ƙone kuɗi ne kawai ya tafi. REMUS 100, wanda Amurka ta nemi nakiyoyi da shi a tashar Umm Qasr ta Iraƙi a 2003, nauyinsa bai kai kilo 40 ba, batirinsa kusan kilowat-awa ɗaya, amma yana yini yana aiki. Sirrin lissafi ne. Kwamfuta da na'urar zana taswirar ƙasan teku da sauti suna cin wuta ko ana tafiya ko ana tsaye. In ka yi sauri farfela ta cinye batir, in ka yi nawa na'urori su cinye shi ba ka je ko'ina ba. Tafiya mafi nisa tana samuwa ne a gudun da farfela ke cin rabin abin da na'urori ke ci, shi ya sa za ka ga kusan dukkansu suna tafiya kilomita 5 zuwa 7 a awa.

Masu zuwa can ƙasa suna da wata damuwar. Kowace mita 10 tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar duniya guda, a mita 6,000 kowane murabba'in santimita yana ɗauke da kusan kilo 600. Akwatin da zai kare batir daga wannan sai ya fi batirin nauyi. Sai aka koma amfani da ƙwayoyi masu laushi da ba iska a cikinsu, a dulmiya su a mai ko a zuba musu roba, a bar teku ta matse su ta kowane gefe daidai. Ga sanyi na digiri 2 zuwa 4 da ke rage ƙarfin batir. Da irin wannan batir Bluefin-21 ya nemi jirgin saman Malesiya MH370 a 2014, kuma jadawalinsa yana nuna iyakar abin: awa 2 sauka, awa 16 aiki, awa 2 hawa, awa 4 a kan jirgi ana kwashe bayanai. Ɓaraguzan San Juan ma jiragen HUGIN na kamfanin Kongsberg na Norway ne suka gano su, da batirin litiyom.

Wasu sun kauce wa farfela gaba ɗaya. Akwai masu fukafuki da ke sauya nauyinsu kaɗan, su nitse a karkace su taso a karkace, batir ba ya aiki sai a wurin juyawa. Ɗaya na Jami'ar Rutgers ya ƙetare Tekun Atlantika a 2009 cikin kwana 221. Sojan ruwan Amurka suna da irinsu da yawa suna auna zafi da gishirin teku, har China ta tsame ɗaya a Disamban 2016 aka yi ta cacar baki kafin ta mayar. A ɗaya ɓangaren kuma, babban jirgi marar matuƙi na Boeing mai suna Orca, da aka fara miƙawa a ƙarshen 2023, janaretan dizal aka sa masa yana hawa yana caji, don har yanzu batir kaɗai bai kai dubban kilomitan da ake so ba. Ana gwada tashoshin caji a ƙasan teku, ana gwada batirin alminiyom da ke cin ruwan teku a hankali na makonni, ana jiran litiyom marar ruwa a ciki. Ni dai ba na lissafa abu sai na gan shi a jirgin da ke sintiri.

Inda aikin ya fi cijewa yanzu shi ne wurin da ɓangarorin biyu suka haɗu. Kowace rundunar ruwa tana son jirgin nitsonta ya riƙa sakin ƙaramin marar matuƙi ta bututun topido, ya je ya leƙo ya dawo. Ma'anar haka ita ce a ajiye batirin litiyom a ɗakin makamai, dab da kawunan bam, watakila har a yi cajinsa a can. Kafin a yarda, sai batirin ya ci jarrabawa. Ana cika shi fal, a rufe shi a akwati irin wanda zai zauna a ciki, a naɗa wa ƙwaya ɗaya ta tsakiya waya mai zafi ko a soke ta da ƙusa da gangan har ta kama. Daga nan injiniyoyi su koma bayan bango su zuba wa ma'auni ido: zafin ƙwayoyin gefe nawa ya kai, sun kama ko sun tsira, wane irin hayaƙi ya fito kuma lita nawa, akwatin ya riƙe ko ya tsage. Sai a sake da wata ƙwayar a kusurwa, a sake da batirin da ya tsufa, a sake bayan an jijjiga shi an jiƙa shi da ruwan gishiri. Duk lokacin da aka sauya kamfanin da ke kawo ƙwayoyin, ko shi kamfanin ya sauya wani sinadari a ciki, yawancin gwajin sai an maimaita shi daga farko, kuma kasuwar motoci da wayoyi da ke juya masana'antun litiyom takan sauya samfuri tun soja bai gama gwada na baya ba.